Daga La'adar Dillali Zuwa Kuɗin Alat: Tarihin Abin Da Banki Ke Cira A Asusunmu



Kusan babu zaman da za mu yi a 'yan watannin nan ba a tayar da maganar cire-ciren banki ba. Wani ya ce sata ce tsagwaronta, wani ya ce ai doka ce ta ba su dama, sai a tashi kowa da nasa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi abin daga tushe, domin tambayoyi biyu ake cakuɗawa wuri guda. Shin doka ta yarda da abin da ake cira? Shin kuma an yi adalci a ciki? Amsar ta farko sau da yawa e ce. Ta biyun ita ce mai aiki.

Sai mu faro daga lokacin da banki bai san da zamanmu ba. Jirgin ƙasa ne ya ɗaga Kafanchan. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu a nan da na Kaduna, wani reshe kuma ya haura Jos, sai ƙasar da mutanen Fantswam ke zaune a kai ta zama mahaɗar Kudu da Arewa. A 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a daga Jama'a Sarari zuwa nan. Da ma'aikatan reluwe suka cika gari, albashi ya shigo, fam da sule da sisi da taro suka wadata, haraji da jangali ma da tsabar kuɗi ake biyan su. Citta kuma ta fara fita daga ƙasar Jaba da Kachia zuwa Turai. Kuɗi sun ƙaru a hannun mutane, amma ma'ajiyarsu ta da ce: asusu, adashe, ko hannun wani attajiri da aka yarda da amanarsa.

A nan akwai abin da ya kamata mu tuna, musamman masu cewa mutanenmu ba sa son biyan ladan aiki. Iyayenmu sun biya, har ma da tsada. Dillali yana da la'adarsa a kasuwar shanu da ta hatsi. Mai karɓar adashen kullum, har gobe, zubin kwana ɗaya yake ɗauka a wata, wato kashi ɗaya cikin talatin, wanda in aka lissafa ya fi yawancin cajin banki nauyi. Amma ba a taɓa jin an yi masa bore ba. Dalili shi ne ka san abin da zai ɗauka tun kafin ka fara zubi, sau ɗaya yake ɗauka, kuma kana ganin sa yana zagaye a rana rumfa-rumfa. Dillali kuwa in ciniki bai faɗa ba, babu la'ada. Wannan shi ne ma'aunin da muka gada, kuma da shi za mu auna abin da ya biyo baya.

Bankunan farko ba don mu aka kafa su ba. Bankin da ya zama First Bank an kafa shi ne a 1894, wanda ya zama Union Bank kuma shi ne Barclays na zamanin Turawa, kuma aikinsu shi ne riƙe kuɗin gwamnati da na manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt. Babban Bankin Najeriya sai a ranar 1 ga Yulin 1959 ya fara aiki. A daidai wannan lokacin ne gwamnatin Sardauna ta tsaya aka kafa Bankin Arewa, don ɗan kasuwar Arewa ya samu inda za a saurare shi; shi ne daga baya ya narke cikin Unity Bank. A 1977, shekara huɗu bayan zuwan naira, gwamnatin soja ta tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara, aka fara da rassa 200 a faɗin ƙasa. Da guguwar durƙushewar bankuna ta taso, wadda a Janairun 1998 kaɗai ta ci bankuna 26, sannan Charles Soludo ya haɗe bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, rassan ƙauye da ba sa kawo riba su aka fara rufewa. Abin da ya sa ke nan har yau mutum zai taso daga wani ƙauye a Sanga ko Kaura ya biya kuɗin mota zuwa Kafanchan don kawai a gyara masa kati. Wannan kuɗin motar shi ne caji na farko, ko da yake ba ya fitowa a kowace takarda.

Tsofaffin 'yan kasuwarmu ba za su manta da haruffa uku ba: COT. Kamasho ne da banki ke ɗauka a kan duk kuɗin da ya fita daga asusun kasuwanci, irin wanda ake rubuta wa cak, naira biyar a kowace dubu. A ido kamar ba komai. To amma a ɗauki mai sayen citta da jarinsa na naira miliyan ɗaya. Ya cire ya sayi kaya a Kwoi, an ɗauki dubu biyar. Ya kai Kano ko Legas ya sayar, kuɗi sun dawo, ya sake cirewa, an sake ɗaukar dubu biyar. In ya juya jarin sau goma a kaka ɗaya, naira dubu hamsin ta tafi, ya ci riba ko ya faɗi. Wanda ya fi himma shi ya fi biya. Shi ya sa da yawa suka gwammace su cusa kuɗi a buhu su bi hanyar Kagoro ko ta Kachia da su, kuma mun san abin da hakan ya jawo wa wasu a hannun 'yan fashi.

A 2004 Babban Banki ya fitar da kundin farko da ya jera cajin da aka yarda banki ya ɗauka da iyakar kowanne. Wannan kundi, da gyare-gyaren da aka yi masa a 2013 da 2017 da 2020, shi ne ake nufi in an ce doka ta yarda. Ba majalisa ce ke rubuta shi ba. Babban Banki ne, bayan ya tuntuɓi bankunan, kuma mu masu ajiya ba mu da kujera a wurin.

Duk da haka, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke shugabantar Babban Banki an ɗan samu sassauci. A 2012 aka kafa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki, a ƙarshen shekarar kuma aka soke naira ɗari da ake cira in ka yi amfani da na'urar ATM ta wani banki. Kundin 2013 ya yanke wa COT wa'adin mutuwa: naira uku a 2013, biyu a 2014, ɗaya a 2015, sannan a daina gaba ɗaya a 2016. 'Yan kasuwa suka yi murna. Watan Janairun 2016 na kamawa, a zamanin Godwin Emefiele, sai ga takarda daga Babban Bankin cewa an amince bankuna su ɗauki kuɗin kula da asusu, naira ɗaya a kowace dubu da ta fita. Wato daidai inda COT ya tsaya a 2015. An sayar da kare an sayi biri. Gaskiya ne an rage daga biyar zuwa ɗaya, kuma ba ƙaramin sauƙi ba ne, amma alƙawarin da aka yi na sifili ne.

Cajin ATM ma haka ya yi ta tafiya yana dawowa. Bayan soke shi a 2012, a Satumbar 2014 ya dawo a naira 65, daga cira ta huɗu a wata. A Janairun 2020 aka rage shi zuwa naira 35. Daga 1 ga Maris 2025 kuma, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, aka soke cira ukun nan na kyauta, aka mayar da shi naira ɗari a kan kowace dubu ashirin in na'urar ta wani banki ce, da ƙarin da zai iya kaiwa ɗari biyar in na'urar ba a harabar banki take ba. Ko dubu biyar ka cira, ɗarin nan sai ta fita. Hujjar da aka bayar ita ce tsadar gudanar da na'urorin, kuma wanda ya san kuɗin man dizal ba zai musa ba. Sai dai a gari irin namu, me ke kai mutum na'urar wani banki? Ko nasa ba shi da reshe a kusa, ko na'urar nasa ba kuɗi, ko babu sabis. Gazawar daga wajen banki take, tarar a kan mai ajiya.

Inda maganar doka ta fi fitowa fili shi ne labarin naira hamsin ta kan sarki, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A Janairun 2016 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire naira hamsin a kan duk kuɗin da ya shigo asusun kasuwanci daga naira dubu ɗaya zuwa sama, da sunan harajin kan sarki. Dokar da aka dogara da ita tun zamanin Turawa take, lokacin da ake manna kan sarki a jikin rasit. Bayan wata uku kacal, a Afrilun 2016, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Legas, a shari'ar Standard Chartered da kamfanin Kasmal, ta yanke cewa wannan tsohuwar dokar ba ta ɗora wa banki cire irin wannan kuɗi a kan ajiya ko turawa ta na'ura ba. Kowa ya zaci magana ta ƙare. Ina! Aka ci gaba da cira. Sai da aka shafe shekaru ana yi, sannan majalisa ta gyara dokar a Dokar Kuɗi ta 2019, ta ɗaga iyakar zuwa naira dubu goma, ta 2020 kuma ta raɗa masa sabon suna, harajin tura kuɗi ta na'ura. Caji ne ya yi gaba, doka ta biyo shi a baya tana share masa hanya. Abin da aka cira a tsakanin hukuncin kotu da gyaran doka kuwa, ba mu ji wanda ya ga alat na mayarwa ba. A Disambar 2024 harajin ya isa har su OPay da Moniepoint da PalmPay, inda matasanmu suka gudu don neman sauƙi.

A yi wa bankuna adalci a nan: wannan hamsin ɗin ba tasu ba ce. Ta gwamnati ce, kamar harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kowane caji tun 2020. Don haka wanda ya je ya zazzage wa yarinyar da ke bayan kanta fushi a kanta ya yi ɓatan kai, ɗan majalisarsa ya kamata ya nema. Abin lura shi ne mu 'yan jihar nan mun ga ranar da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979 saboda sun danne talaka. Harajin da ake bi gida-gida ana karɓa, da rasit a hannu, an iya yin siyasa a kansa har aka kawar da shi. Wanda ke fita tsakar dare mutum na barci, hamsin-hamsin, ya fi wuyar kamawa.

Sai kuma farkon 2023, wanda babu mai buƙatar a tuna masa. Bayan da aka sauya fasalin naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu a ƙarshen 2022, tsofaffin aka kwashe, sababbin ba su wadata ba. Mutum da kuɗinsa a asusu ya koma sayen naira da naira a wurin masu POS, dubu ɗaya har dubu biyu a kan dubu goma. Babu kundin da ya halatta wannan, kuma babu wanda ya iya hana shi. Mata masu kawo doya da acca da manja daga ƙauye, waɗanda ba su da asusu, sun sayar da kaya a wulaƙance ga duk wanda ke da tsaba. Jiharmu ta Kaduna, tare da Kogi da Zamfara, ita ta fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda a ranar 3 ga Maris ta ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. Ba a gama farfaɗowa ba, a daminar shekarar annoba ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, manoma suka tashi hannu rabbana. A irin wannan hali ne, a Mayun 2024, aka sanar da wani sabon cajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan tura kuɗi, wato naira dubu biyar a kan miliyan, tsohon COT sak. Wannan karon ƙungiyoyin ƙwadago da majalisar wakilai da jama'a suka yi caa, cikin mako biyu aka janye takardar. Shi ma da hujjar doka ya zo, surutu ne ya kore shi.

Wannan rigima ba tamu ce mu kaɗai ba. A Ingila hukumar kula da adalcin ciniki ta kai manyan bankuna kotu a 2007 a kan tarar da suke ɗora wa wanda ya ci fiye da abin da ke asusunsa. Ta yi nasara a kotuna biyu, amma a Nuwambar 2009 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba bankuna gaskiya. Alƙalan ba su ce cajin adalci ne ba. Cewa suka yi dokar da aka shigar da ƙarar a kanta ba ta ba hukumar ikon auna tsadarsa ba. Ko a can, abin da kotu ke dubawa daban, abin da talaka ke ji a jikinsa daban.

To mu dawo kan ma'aunin iyayenmu mu gwada. Ɗa yana aiki a Abuja, ya turo wa mahaifiyarsa a Kafanchan naira dubu goma. Bisa kundin 2020, kuɗin turawa naira 25 ne da VAT a kai. In da ƙaramar waya ya tura, ta hanyar danna lambobi, akwai naira 6.98. Ga hamsin ta haraji. Ga kuɗin alat a ɓangarorin biyu, wanda ya tashi daga naira huɗu zuwa shida a 2025. Sannan tsohuwa ta aiki jika wurin mai POS, ya ɗauki ɗari ko ɗari biyu. Kafin kuɗin su zama garin tuwo, abin da ya zube a hanya ya kai naira ɗari biyu zuwa ɗari uku. Attajirin da ya tura miliyan goma kuwa, hamsin zai biya ta turawa, hamsin ta haraji. Duk cajin da aka yanke shi bai ɗaya ga kowa, a wuyan mai ƙaramin ƙarfi yake sauka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ban da na mai POS da ba shi da tsayayyen farashi, yana rubuce a takardar hukuma. Amma tsohuwar nan ba ta san da su ba kafin a buɗe mata asusu, ba sau ɗaya ake ɗauka ba, kuma ko ciniki bai faɗa ba, wato an cire kuɗi ba su isa ba, sai ta yi zarya kafin a mayar.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu musamman. Da yawa daga cikinmu ba sa karɓar kuɗin ruwa saboda addini. Banki yana riƙe da ajiyarsu, yana juya ta, yana ba da rance da ita, bai ba su ko kwabo ba, sannan ya caje su kuɗin kula da ita. Wanda ma ke karɓar ruwan a asusun ajiya, in ya cira fiye da sau huɗu a wata ya rasa shi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun daga Jaiz da ya buɗe a 2012, sun warware mana matsalar riba, amma cajin turawa da na kati da na alat kundi ɗaya ake bi. Malamanmu sun ce ladan aiki halal ne in aikin na gaske ne kuma an san ladan. Mu ma ba mu ce banki ya yi mana aiki kyauta ba. Yana biyan ma'aikata, yana sayen dizal, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar kuɗin citta a buhu ya san darajar tura su ta waya. Ƙadangaren bakin tulu ne. Yanzu da gwamnatin Uba Sani ta dage wajen buɗe wa talakawa asusu don tallafi ya riƙa shiga kai tsaye, waɗanda ke shigowa su ne mafi ƙarancin ƙarfi, kuma su cajin bai ɗaya ya fi ci.

Abin da kundin ya hana shi ma yana da yawa, kuma a nan ne muke da ta cewa. Asusun ajiya ba a ɗora masa kuɗin kula da asusu. A kundin 2020, kuɗin kula da kati naira hamsin ne a wata uku, ba kowane wata ba, kuma ba a ɗaukar sa a asusun kasuwanci. Alat ɗin da banki ya aiko don sanar da kai cajin da shi ya cira bai kamata ka biya shi ba. Mai babbar waya yana iya cike takarda ya koma karɓar sanarwa ta imel, wadda kyauta ce. Rufe asusu ko farfaɗo da wanda ya kwanta ba a biyan komai. Bankin da ya saɓa, kundin 2020 ya yanke masa tarar naira miliyan biyu a kan kowane laifi, kuma dole ya mayar da abin da ya cira. Ana fara kai ƙorafi ne ga bankin a rubuce, a karɓi lambar shaida. In an yi mako biyu shiru, ko kwana talatin in maganar cajin da ya wuce kima ce, sai a wuce sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki, wanda ke da reshe a Kaduna. Abin da ya haura shekara shida ba a sauraren sa.

Mutum ɗaya ba zai biya kuɗin mota zuwa Kaduna a kan naira ɗari uku ba, kuma bankuna sun san da haka. Saboda haka a zama mai zuwa muna roƙon duk mai hali ya karɓo takardar bayanin asusunsa ta wata shida ya zo da ita. Matasanmu da suka karanci lissafin kuɗi sun yarda za su zauna da mu a bi layi-layi, a ware na gwamnati, a ware wanda kundi ya yarda, abin da ya rage a haɗa shi a takarda ɗaya. Za mu fara da asusun ƙungiya, wanda daga cikinsa muke biyan kuɗin asibitin mabuƙata da na makarantar marayu. Iyayenmu mata da ba za su iya zuwa ba, a aiko da tasu ta hannun 'ya'yansu, a rufe lambar asusun kafin a miƙa.